Sun ce in zauna bayan kyamara, Baba kuma ya ce ba 'yarsa a harkar fim

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wata makaranta mai zaman kanta a Kano. Shekarata 26, ina da NCE, shekara huɗu ke nan ina riƙe da 'yan aji biyu, albashina naira dubu 45. Kwanakin baya wasu masu shirya shirin yara na talabijin da Hausa suka zo makarantarmu suka nuna wa ɗalibaina wani kashi na gwaji. Da aka gama na faɗa wa shugabar tawagar inda yaran suka daina kallo da kalmomin da ba su gane ba. Bayan sati biyu ta kira ni ta ce suna so in yi musu aikin wata tara, dubu 150 a wata, in riƙa duba rubutun shirin ina kuma fita gwaji da yara. Ni kuwa Anti, burina tun ina ƙarama in zama mai gabatarwa, yara su kewaye ni ina ba su tatsuniya. Na tambaya, aka ce an riga an ɗauki mai gabatarwa. Mahaifina da ya ji ya ce ba 'yarsa a harkar fim. Yayana ya ce aikin wata tara ba aiki ba ne. Ƙawata ta ce in rabu da kowa in buɗe tashata a YouTube, wai can kuɗin yake. Masu shirin sun ba ni zuwa ƙarshen wata in ba su amsa. Kaina ya kulle.

Wata malama daga Kano

Wa'alaikumussalam, 'yata.

Akwai abin da kika ambata a gurguje kika wuce, kamar wadda ta ce ta sayo gishiri a hanya, alhali shi ne kan maganar gaba ɗaya. Mutane sun kashe kuɗi sun haɗa shiri, sun kunna wa 'yan ajinki, ke kuma kin iya ce musu ga daidai inda yaran suka juya baya, ga kalmar da ta wuce su. Matar nan ba alfarma ta yi miki ba. Masu iya magana gaban kyamara sun cika gari, a sanar da safe cewa ana neman mai gabatarwa, kafin la'asar layi ya kai titi. Wanda zai kalli fuskar ɗan shekara shida ya san hankalinsa ya tafi tun kafin ƙafarsa ta fara lilo a ƙarƙashin benci, shi ake nema ruwa a jallo. Shekara huɗun da kika yi da alli a hannu ne suka ba ki wannan idon, kuma shi suka zo saye.

Don ki san girman kujerar da aka miƙo miki, bari in ba ki labarin inda ta samo asali. A 1969 aka fara nuna Sesame Street a Amurka, shirin da kusan duk mai harkar shirin yara a duniya ya ɗebi wani abu daga gare shi. Matar da ta jagoranci kafa shi, Joan Ganz Cooney, ta yi abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ta haɗa masu shirya talabijin da masana tarbiyyar yara da masu bincike, ta ce ba ɓangaren da zai yi gaba ya bar sauran. Shugaban masu binciken, Edward Palmer, ya fito da wata dabara: a zaunar da yara gaban talabijin, a gefe kuma a kunna majigi yana canja hoto duk bayan 'yan sakanni don ya yaudari idonsu. Wani na zaune yana rubuta lokacin da ido ke kan shirin da lokacin da ya koma kan majigi. Kafin a fito da shirin suka gwada shi a wasu gidaje a birnin Filadelfiya, sai suka ga muddin 'yan tsana ke magana yara na kallo, da an koma kan manyan mutane zalla sai hankali ya watse. Masana sun riga sun ba da shawara kada a haɗa mutum da 'yar tsana a fage ɗaya, wai zai rikita yaro. Gwajin nan ya sa aka jingine shawarar masana aka haɗa su, kuma a haka duniya ta san shirin. Wanda ya juya akalar shirin ba ya gaban kyamara, yana can gefe da takarda da biro yana kallon yara. Abin da kika yi ke nan a ajinki ba tare da kowa ya koya miki ba.

A wurinmu aikin ya ma fi haka nauyi, saboda harshe. Da yawa daga cikin shirye-shiryen yara da ake yi da Hausa da Turanci ake fara rubuta su, wani lokaci ma a wata ƙasa, sannan a miƙa wa mai fassara. Mai fassara kuwa sau da yawa ɗan jarida ne, Hausar labaran duniya ce a bakinsa. Sai ki ji 'yar tsana tana ce wa ɗan shekara biyar ya kula da tsaftar muhalli domin inganta kiwon lafiyar al'umma. Babu kuskure ko ɗaya a jimlar, amma yaron bai ɗauki komai ba. Ke ce za ki ce a mayar da ita "share ƙofar gida, kada sauro ya samu wurin kwana". Waƙar ƙirga da aka tsara kan kalmomin Turanci masu gaɓa ɗaiɗai ba za ta ɗauki bakwai da takwas ba sai an sake mata kiɗa. Darasin harufa da aka gina kan baƙaƙen Turanci bai san da ɓ da ɗ da ƙ ba, bai san yaro na bukatar jin bambancin "bari" da "ɓari" ba. In katun ne ake ɗora wa murya, bakin ɗan katun na rufewa a sakan uku, jimlar Hausa kuma tana neman biyar, dole wani ya san abin da za a zubar ma'ana ba ta zube ba. Ga kuma karin harshe: shirin da za a kalla a Kano da Sakkwato da Maraɗi da zangon Kumasi, sai an zaɓi kalmar da za ta shiga kowane gida.

Gwajin kansa akwai tarko a cikinsa, kuma kin fi ni saninsa. Yaranmu an tarbiyyantar da su kada su kunyata babba. Baƙo ya tsaya gaban aji ya ce "kun gane?", ajin zai amsa da "eee" har rufi ya girgiza, ko da Sinanci aka yi shirin. Mai gwajin da ba malami ba zai rubuta cewa kowa ya fahimta ya tafi yana murna. Malama ita ce za ta ja yarinya ɗaya gefe ta ce ba ni labarin abin da ya faru da akuyar nan, ta ji daga bakinta abin da ya zauna da abin da ya zube. Wannan ba aikin 'yar rakiya ba ne, ko da an rubuta miki "mataimakiya" a takarda.

Na san duk da haka zuciyarki na kan tabarmar nan da yara suka kewaye. Ba laifi ba ne. Mu da muka tashi muna jiran yammacin Lahadi a kunna Tales by Moonlight a NTA, da wuya ki samu wadda ba ta taɓa kwaikwayon antin shirin a tsakar gida ba. Sai dai ki dubi yadda sana'ar take. Kowane shiri mai gabatarwa ɗaya yake ɗauka, ko biyu in an yi yawa, kuma fuskarta na manne da shirin. Ranar da ya tsaya ta tsaya, wani sabon shirin kuma sabuwar fuska yake so. Mai duba rubutu da mai gwaji suna tashi daga wannan shiri su faɗa wancan, daga talabijin su koma rediyo, daga rediyo su koma littattafan karatu. Ki tuna 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu, jihohin Arewa suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. Malamai sun yi yawa, 'yan jarida ma haka, amma wanda ya iya aji ya kuma san yadda ake tsara darasi ya shiga minti ashirin na iska, shi ne ya yi wuyar samu.

Sannan ƙofar gaban kyamara sau da yawa ta baya ake shigarta. Fred Rogers, wanda a Amurka har yau ba a yi mai gabatar da shirin yara da ake girmamawa kamarsa ba, ya fara ne da aikin hidima a sutudiyo a tashar talabijin ta NBC a farkon shekarun 1950. Da ya koma wata tasha a Pittsburgh, ya shafe kusan shekara bakwai a ɓoye bayan labule yana motsa 'yan tsana yana kaɗa musu kiɗa, wata mata ce ke gaban kyamara. Sai a 1963, a Kanada, aka fara ganin fuskarsa a shirinsa. Shirin da ya yi suna da shi ya fara a 1968, ya kai har 2001, kuma shekara da shekaru yana zama da wata masaniyar halayyar yara, Margaret McFarland, suna bin rubutunsa kafin a ɗauka. Ban kawo shi don in ce za ki zama shi ba. Na kawo shi don ki ga cewa lokacin da ya zauna gaban kyamara ya riga ya san abin da zai ce da dalilin faɗarsa. Kina cikin tawaga, ranar da ake neman muryar wata 'yar tsana ko mai karanta tatsuniyar minti uku, wadda ke kusa ake fara dubawa. Kina gida kina fushi, ba wanda zai tuna da ke.

Yanzu yayanki. Yana da gaskiya, fiye da yadda za ki so ki ji. Shirin yara ba ya ciyar da kansa. Masu talla kuɗinsu na bin wasan kwaikwayo da ƙwallo da labarai, don yaro ba shi ke riƙe da aljihun gida ba. A tashoshi da dama ma mai shiri ne ke biyan kuɗin fili kafin a nuna masa. Shi ya sa yawancin shirye-shiryen yara masu inganci da kika gani da tallafi aka yi su. Sesame Square, wanda aka fara nunawa a NTA a 2011, mai 'yan tsana Kami da Zobi, direban tasi mai son doya, hukumar USAID ta Amurka ce ta ɗauki nauyinsa. Ita kuwa hukumar, gwamnatin Amurka ta rushe ta a 2025, ayyuka da yawa a ƙasar nan suka tsaya cak. Masu wannan sana'a haka suke rayuwa: zango ya zo a yi aiki ba dare ba rana, zango ya ƙare a zauna jiran ko za a sabunta. Akwai masu ƙoƙarin tsayawa da ƙafarsu, irin su Adamu Waziri da ya ƙirƙiro katun ɗin Bino and Fino a Abuja, akwai kamfanin Ubongo na Tanzaniya da ke fassara shirye-shiryensa zuwa harsunan Afirka har da Hausa, akwai Arewa24 da ta buɗe a 2014 ta ƙara wa masu aiki da Hausa fili. Hanyoyi sun ƙaru a kan da, amma babu wadda ke da fansho a ƙarshenta.

Inda na saɓa da yayan naki shi ne lissafi. Dubu 150 sau tara miliyan ɗaya da dubu 350 ke nan. Albashinki na shekara guda cur dubu 540 ne. A ce kwantiragin ya ƙare kika yi shekara guda ba ki samu komai ba, wanda da wuya ga mai NCE da gogewa, ki raba kuɗin nan gida 21, wato wata tara na aiki da 12 na zama, kowane wata ya tashi a dubu 64 da ɗoriya. Har yanzu kin fi yadda kike. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, aikin makarantar kuɗi ba kujerar gwamnati ba ce da za a ce kin saki reshe kin kama ganye. Da a ce takardar ɗaukar aiki ta SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ce a hannunki, da amsata ta sha bamban, da na ce ki nemi hutu ba albashi ko ki haƙura. Amma lissafin nan yana tsayawa ne bisa sharaɗi biyu. Na farko, ki ci gaba da rayuwa kamar mai dubu 60, sauran ki ɓoye inda hannunki ba zai kai da sauƙi ba, domin da an ji albashinki ya ninka uku, bukatun dangi ma za su ninka. Na biyu, a biya ki kuɗin da gaske.

Wannan na biyun na san ɗacinsa. Na taɓa yi wa wani kamfani aikin murya da gyaran rubutu, wata biyun ƙarshe har yau ban ga ko sisi ba. Ba mugaye ba ne, mai ba su tallafi ne ya riƙe kason ƙarshe, su kuma suka riƙe namu, kuma ba ni da ko fallen takarda da zan nuna. Saboda haka kafin ki ce to, ki nemi kwantiragi a rubuce ki kawo gida ki kwana da shi. Ki tambaye su kai tsaye wa ke ɗaukar nauyin shirin, kuma kuɗin zangon duka ya shigo ko kashi-kashi ake sakar musu. Ba rashin kunya ba ne, duk wanda ya daɗe a harkar zai ga kin san abin da kike yi. A rubuta ranar biya. A rubuta wa ke biyan kuɗin mota da abinci ranar fita gwaji, musamman in za a bar gari, don in aka bar miki wannan dubu 150 ɗin za ta rame. A rubuta sunan muƙaminki da cewa sunanki zai fito a jerin ma'aikata a ƙarshen kowane kashi, shi ne shaidarki a aiki na gaba. In aka ce ki ɗora murya ko ki ba da waƙar da kika ƙirƙira wa ajinki, wannan ciniki ne daban, kada ya shige cikin albashi a sulale. Gizo da Ƙoƙi na kowa ne, amma waƙar da kika tsara da kanki taki ce har sai kin sa hannu kin bayar. Ki duba ko kamfanin na da rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. In kuma kina son sanin ko suna biya a kan lokaci, kada ki tambayi furodusa, ki nemi direba ko mai ɗaukar sauti da ya yi musu aikin baya.

Maganar ƙawarki ba za ta ɗauke mu lokaci ba, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da ke sai kin tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara. Bayan haka, tun da hukumomin Amurka suka ci kamfanin tarar dala miliyan 170 a 2019 kan tattara bayanan yara, duk bidiyon da aka yi don yara dole a yi masa alama. Da an yi masa alamar, ana cire tallar da ke bin diddigin mai kallo, wadda ita ce mai tsoka, a kuma rufe wurin sharhi. Ga shi tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar ba ta kai ta Turai daraja ba. In katun kike tunani, sakan ɗaya kan ci zane goma sha biyu ko fiye, ki lissafa minti biyar. Ki buɗe tashar in kina so, a matsayin wurin koyo, bayan kin ga yadda ƙwararru ke yi. Amma kada ki kuskura ki sa fuskar ɗan kowa a ciki ba da izinin iyayensa ba, ɗalibanki kuwa ko da izini ki bar su. A wurin sabon aikin ma ki lura ko suna karɓar izinin iyaye a rubuce kafin su ɗauki yaro, ko suna barin yara su huta su ci abinci. In kika ga ana tsare ɗan shekara shida ƙarƙashin fitila tun safe har azahar ana yi masa tsawa ya maimaita, kin san irin mutanen da kike tare da su.

Na bar maganar Baba a ƙarshe don ita ce mai nauyi, kuma in ba ta warware ba sauran duk surutu ne. Da ya ce fim, ba kyamara yake tsoro ba. Yana tsoron a ga hotonki a wayar kowa, a yi da shi a majalisa, dare ya yi miki a lokeshan cikin mazan da bai sani ba, maganar aurenki ta zo a ce ai 'yar fim ce. Ko mun yarda da yadda ake yi wa 'yan fim kuɗin goro ko ba mu yarda ba, tsoron nasa ba daga sama ya faɗo ba, haka garin yake magana. Kada ki je masa da musun cewa bai waye ba. Ki je masa da amsar kowane tsoro ɗaya bayan ɗaya, amsar da kika riga kika tabbatar daga bakin masu aikin: ƙarfe nawa ake tashi, ina ofishin yake, su wa za ki riƙa fita da su, akwai kwana a wani gari ko babu.

Abin dariyar shi ne, abin da ya ɓata miki rai shi ne zai buɗe miki ƙofa. Ba a ba ki gabatarwa ba, fuskarki ba za ta fito ba. Aikinki karanta takarda da zama da yara a aji, wato abin da Baba ya riga ya amince kina yi shekara huɗu, sai dai ajin ya faɗaɗa. Ki faɗa masa haka domin gaskiya ce. Amma kada ki rantse masa cewa har abada ba za ki tsaya gaban kyamara ba alhali kin san abin da ke ranki, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ki ce masa wannan aikin ba ya ciki, in kuma wata rana maganar ta taso ba za ki yi ba sai kin dawo gabansa. Kada ki tare shi ke kaɗai kuma. Ki fara da Mama, sannan ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawunki ko gwaggonki ko malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa. Ki roƙi shugabar tawagar ta zo gida ta gaishe shi, ta zo da kashin nan na gwaji a nuna masa tare da ƙannenki ko jikokinsa. Gani ya kori ji. Dattijo ya ga mace mai kamala ta tako har zaurensa ta nemi izini, ya ga yara na koyon wanke hannu da ƙirga da Hausa maimakon abin da suke kwasowa a wayoyin yayyensu, zuciyarsa kan sauko. In matar ta ce ba ta da lokacin wannan, to ba ta san inda take aiki ba, kuma gara ki sani tun yanzu.

In an yi duk wannan ya ce a'a, ban ce ki tsallake maganarsa ba. Wata tara ba su kai a sayar da albarkar uba ba. Sai ki koma wurinsu da wani tayin: su riƙa turo miki rubutu kina dubawa daga gida, a biya ki kan kowane kashi, gwaji kuma a riƙa yi a makarantarku da yardar hukumar makaranta da iyaye. Masu ba da shawara kan shirin yara da yawa haka suke aiki, ba su taɓa ajiye koyarwa ba. Kuɗin ba zai kai ba, amma sunanki zai shiga, kuma Baba zai samu shekara guda yana ganin cewa ba abin da ya same ki.

In kuwa ya amince, ki shiga da niyyar ɗaliba. Duk lokacin da ba ki da aiki ki ja kujera kusa da edita, a nan za ki ga yadda sakan biyu na shiru ke ba yaro damar amsa tambaya kafin a ba shi amsa. Ki karɓi tsofaffin rubutun shirin ki ga yadda ake tsara su a takarda, kafin wata na biyar ki rubuta kashi ɗaya da kanki ki miƙa ko ba a nema ba. Za a ce miki ki tafi Kwalejin Talabijin ta NTA ko Cibiyar Koyon Fim da ke Jos, makarantu ne na gaske, amma ba yanzu ba. Abin da ya bambanta ki da sauran tawagar ilimin yara ne, shi za ki ƙara wa kauri. Da kuɗin da kika tara ki nemi digirin ilimi, ko a NOUN, jami'ar karatu daga gida, ko na wucin gadi a jami'ar da ke kusa da ke, kuma kada ki bar rajistarki ta TRCN, hukumar rajistar malamai, ta mutu.

Sai makarantarki. Kada ki ɓace musu a tsakiyar zango. Ƙarshen wata da aka ba ki na ba da amsa ne, ranar fara aiki kuma abin tattaunawa ce, ki nemi a ɗaga miki har a yi jarrabawa. Wanda ya ɗauke ki don kin damu da yara ba zai ƙi ki don kin ƙi yasar da talatin daga cikinsu ba. Ki sanar da mai makarantar da bakinki, ki miƙa wa wadda za ta gaje ki bayanin kowane yaro, wa ke jin tsoron allo, wa ba ya gani daga baya. Ranar sallama ki shimfiɗa musu tabarmar nan da kike mafarki, ki ce ga ta nan ga ta nanku, ki ba su wadda kika fi iyawa. Kina bayarwa kina lura da wanda ya fara wasa da takalminsa, da jimlar da kike kai lokacin da ya fara.